Sharhi: Wasiƙar a rufe take, amma bayan ambulan yana magana

Yau sharhinmu ya shafi wata tambaya da ke yawo tsakanin matasa: da gaske akwai akwatin imel ko hanyar biyan kuɗi ta intanet da hukuma ba ta iya gano mai ita? Amsarmu a taƙaice, da wuya. Ga dalili.

Mu fara da ƙasar Suwizalan, mazaunin kamfanin Proton, wanda ya yi suna wajen ɓoye sirrin wasiƙu. A watan Satumba na 2021 aka ji cewa 'yan sandan Faransa na neman wani ɗan fafutukar kare muhalli a birnin Paris. Sun bi ta hannun Europol, hukumomin Suwizalan suka ba Proton umarni, shi kuwa ya ajiye lambar da ke nuna inda mutumin ke shiga intanet, ya miƙa. Ba a karanta wasiƙunsa ta wannan hanya ba, amma an kama shi. A 2024 an sake irin haka da wani da ake zargi da hannu a fafutukar ɓallewar yankin Kataloniya na Sifaniya: abin da aka miƙa wa hukuma shi ne adireshin imel na biyu da ya ajiye don ranar da zai manta kalmar sirri.

To, kun gani, abin kamar wasiƙar da muke ba direba a tasha ne. Ko an liƙe ta da kyau, direba ya san wanda ya kawo, ya san wanda zai karɓa, ya san ranar. Kamfanin imel ma haka yake, kuma in kotun ƙasarsa ta kira, sai ya amsa. Wanda ya turje shi ne Ladar Levison a Amurka, mai kamfanin Lavabit da Edward Snowden ya yi amfani da shi. A 2013 ya gwammace ya rufe kamfanin ɗungurungum. Irinsa ba su da yawa.

Sawun kuɗi ya ma fi fitowa fili. Wanda ya biya da katin banki, sunansa na nan. Bitcoin da wasu ke ɗauka ɓoyayye ne, kowace hada-hada da shi tana rubuce a wani kundi da kowa ke iya dubawa, kuma ranar da mutum ya je canza shi zuwa sefa ko dala, galibi sai an nemi shaidarsa.

Me ya haɗa wannan da mu? Ai ɗan uwa da ke Agadas, Abijan ko Turai, in zai aiko da na cefane, sai an rubuta sunansa da na mai karɓa. A gishe ana tambayar katin shaida. Layin waya ma da suna ake yi masa rajista. Wannan yana da amfaninsa, mu faɗi gaskiya. Mutanen Madarunfa da Gidan Runji da suka ɗanɗana masifar masu satar mutane don kuɗin fansa ba za su so a ce jami'an tsaro sun kasa bin sawun waya ko kuɗi ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne, wa ke ba da izinin leƙen, kuma wa ke sa ido a kan mai leƙen? A watan Mayu na 2020 majalisar dokoki ta lokacin ta amince da dokar sauraren sadarwa, masu kare haƙƙin jama'a suka koka cewa izinin yana hannun shugaban ƙasa, ba alƙali ba. A watan Yuni na 2024 kuma aka gyara dokar laifukan intanet ta 2019, aka maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna, zagi da yaɗa abin da ka iya tada hankalin jama'a. Muna da hukumar kare bayanan mutane, wato HAPDP. Ya kamata a ji muryarta har ƙauye, cikin harshen da talaka ke ji, ya san inda zai kai kuka in an tona masa asiri ba bisa ƙa'ida ba.

Kafin nan, rigakafi ya fi magani. Kada ka ara wa kowa katin shaidarka ya yanki layi, domin duk abin da aka aikata da layin, ƙofarka za a buga. Kada ki karɓi kuɗi da sunanki a madadin wanda ba ki sani ba, ko da ya yi alƙawarin na goro. 'Yan uwa na waje, ku tuna saƙon murya da kuka turo daga nesa, a wayar tsoho da ke gida yake zama, shi kuwa yana ƙarƙashin dokar nan. Duk wanda ya zo yana tallar wata manhaja yana cewa "wannan ba mai iya gano ka", ku tambaye shi: da me zan biya, kuma da wace lamba zan yi rajista?