Masu Tallar Mu'ujiza da Tokar Majami'un Damagaram

Duk wanda ya taɓa kwana a Dogo cikin watan Agusta ya san lokacin da talaka ke sanin girman cikinsa. Rumbu ya ƙare, geron gona bai nuna ba, tiyar hatsi ta hau a kasuwa, sauro ya kwantar da yara, samari kuma sun tafi bida Kano ko Aljeriya, ba a san ranar aikensu ba. Wannan yunwa ba ta tambayar addinin mai gida kafin ta shiga zaure. To, a daidai wannan lokaci ne wata murya ke kutsawa cikin gidajen tsirarun Kiristocin ƙasar Damagaram ta wayar salula da faifan wa'azi da ke ƙetarowa daga kudu. Muryar tana cewa talauci la'ana ne, ciwo aikin magabta ne, kuma wanda ya “shuka” jika biyar a hannun bawan Allah zai girbi jika ɗari kafin kaka.

Wajibi ne a kira wannan koyarwa da sunanta: ciniki ne aka sa wa rigar ibada. Muninta kuwa ya wuce kuɗin da take ƙwacewa daga hannun wanda ba shi da na cefane. Idan dukiya ita ce ma'aunin bangaskiya, to gwauruwar da ta binne ɗanta da zazzaɓi laifinta ne, ba ta gaskata sosai ba. Manomin da fari ya ƙone wa gona shi ma sai a ce da zunubi a ɓoye. Wato a ɗora wa mutum hukunci a kan masifarsa, ya fita daga majami'a da nauyi biyu bayan da ɗaya ya shiga. Bisa wannan lissafi, Kiristocin Nijar, waɗanda ƙidayar 2012 ta nuna ba su kai ɗaya cikin ɗari na jama'ar ƙasa ba, kuma suke zaune a ɗaya daga cikin ƙasashe mafi talauci a duniya, su ne za su zama mafi raunin bangaskiya a doron ƙasa. Tarihinsu kuwa ya ƙaryata haka.

A 1924 ne mishan ta SIM ta buɗe tasharta ta farko a Nijar, a nan birnin Damagaram, shekara biyu kafin Faransawa su mayar da babban birnin mulkinsu Yamai. Shekaru da dama aka yi ana ƙidaya masu bi da yatsun hannu, kuma wanda ya karɓi wannan hanya ya san abin da zai biya. Wani ya rasa gado, wani aka raba shi da matarsa, wani 'yan'uwa suka daina cin tuwo da shi a akushi ɗaya. Ba a taɓa jin wanda ya shiga domin ya yi arziki ba, gama babu arzikin da za a yi. Abin da suka riƙe shi ne Littafi Mai Tsarki da ya fito cikakke da Hausa a 1932, wanda ya yi musu magana da kalmomin da suka sha a nono: Ubangiji, alheri, haƙuri, gafara. Turawan mishan ba waliyyai ba ne. Sun yi jinkirin miƙa ragama ga 'yan ƙasa, sun kuma yi sanyin jiki wajen ilimin lakwal da zai buɗe wa 'ya'yan masu bi ƙofar aikin gwamnati. Amma inda suka fahimci aikinsu, hannu suka sa. Asibitin Galmi da aka buɗe a 1950 da asibitin kutare na Danja kusa da Maraɗi da aka kafa a 1956 ba su yi wa kowa alkawarin warkewa cikin dare ɗaya ba. Miki suke wankewa yau, su sake wanke shi gobe, mafi yawan majinyatan kuma Musulmi ne.

Haka nan a shekarun fari. Tony Rinaudo, wani ma'aikacin SIM ɗan ƙasar Ostareliya da ke aiki a yankin Maraɗi, ya gaji da dasa itatuwan da rana da awaki ke kashewa. A 1983 ya lura cewa ƙananan tsiron da manoma ke sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ce, toho ne daga kututturan itatuwan da saiwarsu ke raye a ƙarƙashin ƙasa. Shi da kansa ya sha faɗin cewa bayan addu'a ce idonsa ya buɗe. Sai dai amsar addu'ar ba buhun kuɗi ba ce, aiki ne da wuƙa: a zaɓi reshe mai ƙarfi, a datse saura, a jira shekaru. Yunwar 1984 ta sa manoma da yawa suka gwada wannan sassaben zamani, kuma an ƙiyasta cewa kimanin itatuwa miliyan 200 sun farfaɗo a kudancin Nijar. A ƙasashen Mirya da Magarya da Matamai, manoma da kansu suka raini gawo a gonakinsu, har wanda ya bi hanyar Dogo yau zai ga shaidar da idonsa. Wane mai tallar mu'ujiza ne ya taɓa barin inuwa irin wannan a bayansa?

Gwaji mafi zafi ya zo ranar Jumma'a 16 ga Janairun 2015. Kwana biyar kafin nan Shugaba Mahamadou Issoufou ya halarci jerin gwanon Paris, jaridar Charlie Hebdo kuma ta sake buga zanen da ya ɓata wa Musulmin duniya rai. Zanga-zangar da aka fara a Damagaram bayan sallah ta rikiɗe ta zama tarzoma. Aka ƙone cibiyar al'adun Faransa, aka cinna wa majami'u wuta har da ta Katolika da makarantarta, aka farfasa gidaje da shagunan Kiristoci. Washegari wutar ta kai Yamai, inda hukumar 'yan sanda ta ƙidaya majami'u 45 da aka ƙone. Mutum goma suka rasa rayukansu a biranen biyu. Ɗaruruwan Kiristocin Damagaram suka kwana a barikin soja, mutanen da galibinsu ba su taɓa ganin waccan jarida ba, balle su san mai zanenta.

A wannan mako ne aka ga abin da ya saura bayan an ɗebe rufi da kujeru da amsa-kuwwa. Shugabannin ikilisiyoyi, na Katolika da na bishara, suka yi kira da a yafe, ba a kuwa ji an ɗauki fansa ba. Masu bi suka koma sujada cikin bango mai baƙin hayaƙi, wasu a ƙarƙashin rumfa, wasu a tsakar gida. Dole kuma a rubuta, domin gaskiya ba ta da ɓangare, cewa akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a ɗakunansu a ranar da yin haka ke da haɗari. Koyarwar “shuka ka girba” ba ta da abin faɗa wa mutumin da ke tsaye cikin tokar shagonsa, in ba ta ce masa bai bayar da isasshen baiko ba. Abin da ya riƙe shi tsohuwar koyarwa ce, wadda ke da gicciye a tsakiyarta, wadda kuma ta san labarin Ayuba da abokansa masu neman laifi a jikin wanda masifa ta auka wa.

Mai karatu na iya cewa talakan da ke bin masu mu'ujiza ba wawa ba ne, matsi ne ya kai shi. Wannan gaskiya ne. Wanda ya ga yadda farashin shinkafa da magani ya tashi bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da takunkumin ƙungiyar CEDEAO ya rufe iyakar Nijeriya na tsawon watanni, ba zai yi wa uwar da ke neman ko wace ƙofa dariya ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Laifin yana wuyan mai miƙa takobin, yana kuma wuyan ikilisiyar da ta bar ɗanta cikin ruwa. Majami'ar da ke tara kuɗin fenti alhali ba ta da rumbun tsimi domin watan Agusta, ita ta buɗe wa ɗan damfara ƙofa. Labarin Yusufu, wanda Kirista da Musulmi duk suka sani, labarin mutum ne da Allah ya nuna wa yunwa tana tafe, ya kuwa amsa da tara hatsi shekara bakwai.

Saboda haka wanda ke son ya san ko bangaskiya tana tsakiyar rayuwar mai bi, kada ya tsaya a ƙarfin waƙarsa ranar Lahadi. Ya bi shi kasuwa ya ga ko tiyarsa cikakkiya ce lokacin da hatsi ya yi tsada. Ya tambayi wanda ke binsa bashi. Ya duba ko malamar lakwal tana shiga aji a watan da albashi ya makara, ko kuma mai jinya yana duban marar kuɗi da idon da yake duban mai shi. Ya ga ko mutumin da aka ƙone wa shago a 2015 yana zuwa gaisuwar mutuwa a gidan da ya san ɗansu na cikin masu jifa. Waɗannan ba sa shiga faifan wa'azi, ba wanda ke tara jama'a a fili domin su, amma da su ne ikilisiyar Damagaram ta cika shekara ɗari tana tsaye. Fastocin da suka gaji wannan amana su daina jin kunyar talaucin garkensu, su kuma daina aron bakin 'yan talla don gudun kada kujeru su zama wayam. Gawon da ke gonakin Dogo yakan kaɗe ganyensa da damina, sa'ad da kowane ice ke taƙama da kore, sai rani ya tsananta sannan ya fito da inuwa da abincin dabbobi, shi ya sa manomi ba ya sa masa gatari.