Zaren Mamari: Kuɗin da Ba a Faɗa Maka a Shago

Masu sayar da kayan su a kasuwannin Ƙonni da Malbaza da Badagishiri suna da magana iri biyu, kowacce da wanda ake yi wa ita. In mai shago ya ga aljihunka ba nauyi, sai ya miƙo maka siririn zaren roba ya ce, "Malam, ɗauki wannan, kifi ba ya ganinsa, ga kuma sauƙi." In ya hango alamar kuɗi, sai ya jawo na cikin kwali ya ce, "Alhaji, araha ba ta ado, wannan ko giwan ruwa ba ya tsinka shi." Ni dai ba wadda ta gamsar da ni. Dukansu biyu farashin ƙullin zare suke nuna maka, alhali shi ne mafi ƙanƙanta cikin abin da zare ke ci wa masunci.

Sai an san ruwan kafin a san zaren da ya dace da shi. Mutumin Tajaye da ke son su ba shi da kogi. Abin da ke akwai a wannan yanki tafkuna ne da madatsun ruwa: Mozage da Zango a kan kwarin Magiya, waɗanda ke shayar da filin noman rani na Ƙonni mai faɗin fiye da hekta 2,400, sai madatsar Galmi, sai babban tafkin Ɗan Dutsi can yamma da Illela, wanda ya cika a 1974 ya daina ƙafewa, aka kuma sa shi cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2005. Ruwa ne mai laka, jajawur da damina, fari-fari da rani, ƙasansa cike da kututture da ƙayar bagaruwa. Kifinsa tarwaɗa ce da karfasa da gaiwa, da ragon ruwa da giwan ruwa a inda aka zuba irinsu. Mai mamari yana shimfiɗa doguwar igiyarsa da yamma, ƙugiyoyi na reto a jikinta, ya ɗaure gora ko tsohuwar jarka don ya gane wurin, ya tafi gida. Da asuba ya dawo ya ga abin da Allah ya ba shi. Duk tsawon daren nan zaren ne ke aiki shi kaɗai.

Irin wannan su na kafa tarko ka koma gefe yana da ɗan'uwa a wata duniyar dabam. A arewacin Amurka da Kanada tafkuna kan daskare da hunturu har mota ta bi ta kansu. Masunta sai su huda ƙanƙarar, su gindaya wani ɗan katako a bakin ramin, da maɗaurin zare a cikin ruwa da ƴar tuta a lanƙwashe. Kifi na jan koto, tutar ta miƙe, mutum ya rugo ya ja da hannu. A jihar Minnesota layi biyu doka ta yarda mutum ya kafa a kan ƙanƙara, a Wisconsin uku. Abin da ya ja hankalina shi ne zaɓinsu. Mutanen da ke da kuɗin sayen kowane irin zare a duniya, uwar igiyar tarkonsu kakkauran zare ne saƙaƙƙe, galibi baƙi, tsohon yayi. Dalilansu kuwa na aiki ne zalla: ba ya yanka yatsa in ana ja, ba ya murɗewa ya cukurkuɗe in an zube shi ƙasa, ana ganinsa a kan farar ƙanƙara. Can ƙarshe kawai suke ɗaura ɗan guntun siririn zare mai ɗauke da ƙugiya, ko waya in kifin mai haƙora ne. Su ƙanƙara kyauta take zuwa musu, mu kuwa saye muke don kada kifin ya ruɓe kafin kasuwa, amma lissafin zaren ɗaya ne.

To, mu ɗauko maganar farko, ta "kifi ba ya ganinsa". Wane kifi? Tarwaɗa da dare take kiwo, a ƙasan ruwa, da gashin bakinta take lalube da sansana. Idanunta ƴan mitsi-mitsi ne. A ruwan da in ka tsoma hannu zuwa gwiwa ba ka ganin yatsunka, cikin duhun dare, biyan kuɗi don zaren da ba a gani asara ce tun daga shago. Zaren nan mai tsada da wani kamfanin Japan mai suna Kureha ya fito da shi a 1971 da sunan Seaguar, an yi shi ne don ruwa garai-garai da kifi mai kaifin ido. Ba a yi shi don Magiya ba.

Sai mu zo kan araha. Zaren roba mai sili ɗaya da kaurinsa ake sayensa, kuma lissafin kaurin yana ruɗin mutane. In ka ninka kauri sau biyu, robar da ke ciki ta ninku sau huɗu. Wato ƙulli mai nauyi ɗaya, na siriri zai ba ka tsawon na kauri har sau huɗu, shi ya sa yake kama da garaɓasa. Amma ƙarfin ma haka yake raguwa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ke saura. Kuma ƙarfin da aka rubuta a takardar na busasshen zare ne sabo, marar ƙulli. Nailan yana shan ruwa, in ya jiƙa ya ɗan saki. Ƙulli yana rage masa ƙarfi, mummunan ƙulli ma yakan cinye kusan rabi. Ƙaya ɗaya ta karce shi, zurfin karcen da kakkauran zare ba zai ji ba, a jikin siriri rabin ransa ne. Sannan ga rana. Hasken rana yana cin nailan a hankali, ya dushe, ya yi tauri, ya dinga tsinkewa ba gargaɗi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura 40 a nan jihar Tawa, kuma lokacin da ruwa ya janye kifi ya taru wuri ɗaya, shi ne daidai lokacin da mamari ke yini a shanye bisa kwale-kwale ko reshen itace. Wani ƙullin ma tun a rumfar mai shago rana ta gama da shi, ka saya yana ƙyalli cikin leda alhali ya tsufa.

Bari mu yi lissafi da misali, kowa ya sa farashin kasuwarsa. A ce mamari mai ƙugiya 200, tsakanin kowace biyu mita ɗaya. Uwar igiya ta haura mita 200 ke nan. Kowace ƙugiya da ɗan reshenta, a ce santimita 40 har da na ƙulli, jimla mita 80. Ƙugiya kwali biyu, tunda ɗari-ɗari ake zuba su, irin na Mustad ɗin Norway mai tambarin makulli da tsofaffin masunta suka sani ko kuwa kwaikwayonsa. Ɗaurin kowace ƙugiya da liƙa ta a uwa, a ce minti biyu ga mai saurin hannu. Minti 400, kusan awa bakwai. Yini guda cur mutum na zaune a inuwa yana ƙulli, bai shiga ruwa ba, bai je gona ba. Ga koto, ko tana ce, ko ƴan kifi, ko kwaɗo, har da gutsuren sabulu da wasu ke sawa, kowanne sai an nema ko an saya.

Yanzu reshe ɗaya ya tsinke. Me ka rasa? Ƙugiya ɗaya da minti biyu. Uwar igiya ta tsinke a tsakiya, ta maƙale a kututture, iskar hunturu ta ja gorar ta yi wani wuri. Ƙugiya ɗari sun tafi, wato kwali guda, da kifin da ke jikinsu, da kotonsu, da rabin yinin ɗauri, da safiyar da za ka ɓata kana jan ƙarfe a ƙasan ruwa ko za ka dace. Mai suyar da ta saba jiranka a bakin ruwa ta koma wurin wani, kuma ba lalle ta dawo gobe ba. Abin da ka rage a shago da ka ɗauki siriri maimakon kakkaura bai kai kuɗin kwalin nan ɗaya ba, balle sauran. Wannan ne ya sa nake ganin duk masuncin da ya yi uwa da reshe da zare iri ɗaya don ya huta da saye biyu, ya bar wa sa'a zaɓen inda za ta tsinke. Gwanaye da gangan suke sa rauni a reshe. Uwa a yi ta da murɗaɗɗen zaren nailan mai kauri, irin wanda ake rubuta wa 210 da wata lamba a gaba. Lambar farko na nufin mita 9,000 na silin suna da nauyin giram 210, ta biyun kuma yawan silin da aka murɗe tare, don haka 210/36 ya ninka 210/9 sau huɗu. Reshe kuwa ya zama mai rauni kaɗan, yadda in ƙugiya ta kama itace ka fizga, ita kaɗai za ta tafi.

Kada a ɗauka murɗaɗɗen zaren ba shi da nasa haraji. Yana shan laka ya yi nauyi, ƙugiya tana nutsewa cikin silinsa ta ƙi fita, in an naɗe shi da danshi ya yi wari, ɓera ya bi ƙarnin kifi ya gwigwiye shi a ɗaki. Yana son wanki da shanya a inuwa, aikin da ba kowa ke jurewa ba bayan an kwana ana fama. Amma ba ya yanka hannu irin yankan zaren roba, wanda in babbar tarwaɗa ta ja cikin sanyin Janairu, fata a bushe, yakan tsaga gaɓar yatsa. Ciwon yatsa ga mai sana'ar ruwa ba ya warkewa da wuri, kuma kwanakin da ya hana ka aiki ba wanda ke rubuta su a lissafi.

Mai tsadar fa, na cikin kwali? Saƙaƙƙen zaren zamani mai siriri da ƙarfin gaske an yi shi ne don sandar fatsa mai injin naɗi. A hannu tsirara ya fi zaren roba yanka. A jikin dutse da ƙaya yana saurin cinyewa. Ƙullin da ka saba yi yana zamewa a kansa saboda santsi. Kuma ƙarfinsa ba ya hana gaiwa, wadda ke da faffaɗan haƙora masu datse zare, ba ya hana kififiya, ba ya hana ɓarawon dare da ke zuwa ya kwashe mamarin gaba ɗaya. Abin da za ka bari cikin ruwa har safe ba mai gadi, ba shi ne wurin zuba jari ba. Ga jabu kuma: kwali mai sheƙi da rubutun Turanci ba ya tabbatar da abin da ke ciki. Gwajin da na fi yarda da shi a shago shi ne a yanko kamu ɗaya, a jiƙa, a ƙulla, a naɗe a itace biyu a ja. Mai shagon da ya ƙi ba ka kamu ɗaya na gwaji ya riga ya ba ka amsa.

Akwai kuɗin da ba daga ruwa yake zuwa ba. Yawancin kayan su na wannan yanki ta Najeriya suke shigowa, daga Sakkwato zuwa Illelar Najeriya zuwa Ƙonni. Najeriya ta rufe iyakokinta a Agustan 2019 har Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Naira ta faɗi warwas tun Yunin 2023, abin da a takarda ya kamata ya sauƙaƙa wa mai sefa, sai dai zaren da ƙugiyar ba a Najeriya ake yin yawancinsu ba, da dalar Amurka ake shigo da su, don haka tsadar takan riga sauƙin isowa. Masuncin da ya dogara da zaren da sai an sake shi sau biyu ko uku a shekara, duk lokacin da iyaka ta motsa sai ya ji a jikinsa. Wanda igiyarsa ke kai shekara, sau ɗaya yake shiga wannan caca. Ƙara da kuɗin takardar izinin su da ma'aikatan gandun daji ke karɓa, wanda ba ya raguwa don mamarinka ya ɓata.

Sai bashi, wanda a ganina ya fi duk na baya ciwo. Masunci da yawa ba da kuɗin hannu suke sayen kaya ba. Dillali ne ke ba su zare da ƙugiya, da sharaɗin shi za a sayar wa kifin, a farashin da shi ya yanka. Ba a kiransa ruwa, amma bambancin da ke tsakanin farashin dillali da na kasuwa, kowace safiya har a gama biya, kuɗin zaren ne ake ta ƙarawa. Duk tsinkewar uwar igiya komawa ce wurin dillali da hula a hannu, a ɗora sabon bashi kan tsoho.

Kafin nailan, wanda kamfanin DuPont ya ƙirƙiro a Amurka a 1935, masuntan ƙasar Hausa da zaren rama da auduga da na tumfafiya suke aiki, har akwai wani irin wake da ake nomawa musamman don zaren da ke cikin dogayen sandunan furensa. Ba na kewar wannan zamani. Zaren yana ruɓewa, murza shi aiki ne na makonni. Sai dai ruɓewar tana da amfani ɗaya: in ya ɓata a ruwa, ya ƙare. Na roba ba ya ƙarewa, ana ƙiyasta yana iya kai ɗaruruwan shekaru. Rabin mamarin nan da ya maƙale a kututture yana ci gaba da kama kifin da ba mai ci. In rani ya yi ruwa ya ja baya, sai ya fito fili da ƙugiyoyinsa masu tsatsa, daidai inda shanun Fulani da raƙuman Buzaye ke saukowa shan ruwa, inda yara ke wanka ba takalmi, inda masu lambu ke dasa albasa da tumatir a sabuwar laka. Zare ya naɗe ƙafar saniya ya shige nama, makiyayi ne zai biya magani. Zalɓe da kirinjijiya su sarƙe su mutu. Ƙasar Senegal ta haramta ragar da aka saƙa da zaren roba mai sili ɗaya tun 1998, duk da haka tana nan a bakin tekunta, saboda arahar ta fi dokar ƙarfi. A nan ma ba na zaton wani umarni daga ofis zai kwashe shi daga bakin tafki. Ƴan gwangwan suna bin gari suna sayen tsohon ƙarfe da fasasshen bokiti a kan sikeli, shi ya sa ba ka ganin waɗannan a yashe. Tsohon zare mita ɗari kuwa ko motsa sikelin ba ya yi.