Gasar takobi: ƙauye ke renon ɗan kokowa, wata jiha ke cin sunansa

Da zarar an ɗaure dammunan hatsi an kai rumbu, ganguna kan fara tashi da dare a ƙauyukan Adar da Gobir Tudu. Daga Tamaske zuwa Garhanga, daga Karofane zuwa Bangui, lokacin kokowa ne. A nan yaro ke koyon kamu da kaye, a nan ake fara yi masa kirari, kuma daga nan ake zaɓo waɗanda za su je gwaji a matakin gunduma, sannan a babban birnin jiha. Abin da kowa ke hange shi ne gurbi a tawagar Tahoua mai zuwa gasar takobi ta ƙasa. Gurabun kuwa goma ne kacal.

Tsarin gasar a bayyane yake: jihohi 8, kowace ta kawo 'yan kokowa 10, su zama 80. A takarda wannan adalci ne. A ƙasa kuwa lissafin daban yake. Ƙidayar 2012 ta nuna gundumar Madaoua na da mutum sama da dubu 545, Bouza sama da dubu 445, Keita kuma wajen dubu 337. Gundumomin uku sun haura mutum miliyan 1 da dubu 300 ke nan, fiye da jihohin Agadez da Diffa a haɗe, fiye kuma da birnin Yamai a wancan lokaci. Madaoua ita kaɗai ta ɗara jihar Agadez baki ɗaya yawan jama'a. Duk da haka Agadez na da gurabu goma, Diffa goma, Yamai goma, su kuwa waɗannan gundumomi uku suna takarar gurabu goman Tahoua tare da Konni da Illela da Malbaza da sauran gundumomin jihar, waɗanda adadinsu duka 12 ne, ban da birnin Tahoua. Ko da za a raba ɗai-ɗai, wasu gundumomi ba za su samu ba.

Inda kaya suka yi yawa a wani wuri, suka yi ƙaranci a wani, kasuwa kan buɗe da kanta. Shi ya sa ba baƙon abu ba ne a ga ɗan kokowa ya shiga fili da tutar wata jiha, alhali duk mai sauraren kirarinsa ya san garin da aka binne cibiyarsa. Masu kallo sun sani, shugabannin kokowa sun sani, makaɗa ma sun sani, don su ke ambaton sunan uwa da uba da gari.

Domin gane abin da ke juya wannan kasuwa, yana da amfani a leƙa wani wuri mai nisa inda aka yi irin wannan ƙaura a fili, da alƙaluma a kan tebur. A Amurka, jami'o'i ne ke da manyan ƙungiyoyin wasa, musamman na ƙwallon zari-ruga irin tasu da ƙwallon kwando. Jami'o'in kan haɗu rukuni-rukuni, galibi na maƙwabta, su kara da juna, su sayar wa gidajen talabijin izinin nuna wasanninsu, su raba kuɗin. Haka abin yake tun da daɗewa. A 2021 jami'o'in Texas da Oklahoma suka sanar da barin rukuninsu zuwa wanda ake kira SEC. A watan Yunin 2022 jami'o'i biyu na birnin Los Anjeles, USC da UCLA, suka ce su ma sun bar rukunin yammacin ƙasar, Pac-12, sun koma Big Ten, wanda yawancin jami'o'insa ke tsakiya da gabashin ƙasar. Bayan wata biyu dalilin ya fito sarari: Big Ten ya ƙulla yarjejeniyar shekara 7 da gidajen Fox da CBS da NBC a kan kuɗin da ya kai dala miliyar 7. In aka juya su zuwa CFA sun zarce kasafin kuɗin Nijar na shekara guda, wanda a 2025 ya ɗan haura miliyar dubu 3.

Gidajen talabijin idon mai kallo suke saye, kuma Los Anjeles na da idanu miliyoyi. Da waɗannan biyu suka fita, Pac-12 ya kasa samun farashin da zai riƙe saura. A watan Agustan 2023 Oregon da Washington suka bi sahu, wasu suka watse zuwa wasu rukunai, har rukunin da asalinsa ya koma 1915 ya wayi gari da jami'o'i biyu tak, Oregon State da Washington State. Ba a taɓa cewa waɗannan biyu sun kasa wasa ba. Laifinsu shi ne suna ƙananan garuruwa ne, inda masu kallo ba su da yawa. Akwai ma wata jami'a a Dallas, SMU, da ta yarda ta shafe shekara 9 ba ta karɓi rabonta na kuɗin talabijin ba don kawai a ba ta wuri a babban rukuni, attajiran tsofaffin ɗalibanta suka toshe giɓin. Ɗalibi ɗan wasa kuwa yanzu yakan yi tafiyar kusan kilomita 4000 daga gaɓar teku zuwa gaɓar teku don wasa guda, ya dawo ya shiga aji.

A Nijar jiha ba ta iya ɗaukar kanta ta koma wani rukuni. Wanda ke iya ƙaura shi ne ɗan kokowa, shi ke ɗaukar jakar layunsa ya hau mota. Amma ƙarfin da ke jan sa iri ɗaya ne da wanda ya ja USC: a kusanci inda kuɗi ke sauka.

To a ina suke sauka? Nan ne bambancin yake, kuma nan ne ya kamata masu son kokowa su tsaya su duba. Babu wani taro a ƙasar nan da ke tara kunnuwa da idanu kamar kwanakin gasar takobi. Kasuwanni kan yi sanyi, ma'aikata kan zame daga ofis, 'yan kabu-kabu kan jingine babura a gaban shagon da ke da talabijin. 'Yan ci-ranin Adar da ke Abijan da Legas da Libiya suna bi ta wayar salula, ga masu kallo kuma a Sakkwato da Kebbi da Katsina. A Amurka da an ƙidaya waɗannan idanu an sa musu farashi. A nan Télé Sahel da Muryar Sahel ke kai gasar gidaje a matsayin aikin gwamnati, gwamnati ke ɗaukar babban nauyin shiryawa, ita ke ba da takobi da doki da rawani da miliyoyin CFA ga zakara. Sauran kuɗin kuma suna shigowa ne ta hanyar da kowa ya saba ji a lasifika: kyautar gwamna, kyautar ɗan kasuwa, kyautar kamfanin waya ko na aika kuɗi, kyautar wani ɗan jiha mazaunin waje da kaye ya burge shi.

Kyauta kuwa fuska take bi. Tana zuwa ga wanda ya yi kaye a gaban kyamara, da wanda ya tsaya kusa da shi. Ba ta da rasit, ba ta da tabbacin dawowa baɗi, ba ta kuma san hanyar Tabotaki ko Ibohamane ba. Kuɗin yarjejeniya, duk da ɓarnar da suka yi a Amurka, suna da hali guda mai kyau: an san adadinsu, don haka ana iya rigima a kan rabonsu. Wannan rigimar ce ta kai 'yan wasan jami'o'in kotu, har a watan Yunin 2025 wata alƙaliya ta amince da sulhun dala miliyar 2.8, aka kuma halatta wa kowace jami'a ta biya 'yan wasanta kai tsaye har wajen dala miliyan 20.5 a shekara. Ba a iya kai kyauta kotu.

Saboda haka ɗan kokowar da ya rasa gurbi a Tahoua ba shi da zaɓi mai yawa. In ya zauna, shekararsa ta tafi, ƙarfin kokowa kuma ba ya jira. In ya tafi jihar da ke neman cike gurabunta, zai samu zaman horo da abinci mai kyau na 'yan makonni, da uban gida mai ɗaukar ɗawainiyar malamai da addu'a, wani lokaci da ɗan aikin yi bayan gasa, sannan babbar riba, wato shiga filin da ƙasa duka ke kallo. Zargin irin wannan yaro da rashin kishi rashin adalci ne, musamman a yankin da kusan kowane gida ke da wanda ya tafi biɗa. Abin da ya yi ci-rani ne, sai dai nasa ana nuna shi a talabijin.

Asarar tana kan waɗanda ba a gani. Tsohon ɗan kokowar da ya koya masa kamu, sarkin samarin da ya tara kuɗin gayya, manomin albasa na kwarin Tarka da ya sa buhu ko ɗan rago a matsayin ladan kaye, makaɗin da ya fara fitar da sunansa: duk sun zuba jari, kuma ranar da aka ɗaga takobi, sunan wata jiha ake kira, gwamnan wata jiha ke tarbar sa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Jihar da aka fara gasar a cikinta a 1975, zamanin Seyni Kountché, lokacin da Kantu na Maradi ya ɗauki takobin farko, jihar da ta fitar da irin su Kadade da Kasu Kazuga, tana iya zama gonar da wasu ke girbewa ba tare da an ga ranar da hakan ya faru ba.

Wanda yake ganin wannan tsoro ya yi yawa, ya dubi ƙwallon ƙafa. Jangorzo ta Maradi ta ci gasar ƙasa a 1983, Espoir ta Damagaram a 1984. A 'yan shekarun nan kuwa kofin yana yawo ne tsakanin ƙungiyoyin Yamai masu jingine da wata hukuma ko kamfanin gwamnati: SONIDEP a 2018 da 2019, jandarma a 2021, Nigelec a 2022, garde nasiyonal a 2023, ga na soja da na duwan da suka riga su. Ba wanda ya kafa doka cewa ɗan Bouza ba zai buga wa garinsu ba. Albashi ne kawai yake Yamai.

Ƙofofin waje ma sun sauya. Da, ɗan kokowar Madaoua kan tsallaka Najeriya da rani ya yi 'yan wasanni ya dawo da abin kirki, amma tun da naira ta faɗi a 2023 abin da yake samu ba ya da auki in an canza shi zuwa CFA. Ficewar Nijar daga CEDEAO, wadda ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, ta raba ta da gasar kokowar ƙungiyar da Yamai ta sha karɓar baƙuncinta, inda 'yan Nijar ke gwada ƙarfi da Senegal. Akwai sabon fage na ƙawancen AES, sai dai har yanzu jariri ne. Duk wannan ya ƙara wa gurabun nan 80 daraja, ya ƙara wa masu iya sayen su ƙarfi.

Akan ji masu cewa mafita ita ce a hana ƙaura, kowa ya yi wa jiharsa ta haihuwa. Da wuya wannan ya yi aiki. Takardar zama ba ta da wuyar samu, kuma in an tsananta, jihohin da kokowa ba ta yi saiwa a cikinsu kamar ƙasar Hausa ba za su zo da tawagar da ba ta iya tsayawa, gasar da aka kafa don haɗa kan ƙasa ta koma ta jihohi huɗu ko biyar. Wasu kuma na hangen tafarkin Senegal, inda 'yan kasuwa ke shirya karo, manyan zakaru irin su Balla Gaye 2 da Modou Lô ke karɓar sama da miliyan 100 a karawa guda. Can ma kuɗin a Dakar suka tattaru, a hannun mutane 'yan ƙalilan.

Abin da ya fi kusa da hannu ya fi waɗannan sauƙi. Hukumar FIFA na da ƙa'idar da ke ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin ɗan wasa zuwa wata ƙasa, a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 da 23. Babu abin da zai hana hukumar kokowa ta ƙasa ta buɗe rajista mai nuna gundumar da kowane ɗan kokowa ya fara, ta sa jihar da ta ɗauke shi ta biya wani abu sananne ga wannan gunduma. Haka kuma tallan da kamfanoni ke liƙawa a zagayen fili da wanda ake sakawa tsakanin karo da karo na iya zama yarjejeniya rubutacciya da ake bayyana adadinta, a yanke wani kaso don wasannin matakin gunduma. Hakan ba zai hana mai kyauta yin kyautarsa ba, ba zai kuma sa mai kallo ya biya ko dala ba.

Masu rinjaye a wannan magana ba 'yan kokowa ba ne, domin wanda ke neman gurbi ba ya ɗaga murya a gaban mai rabon gurbi. Hukumomin Madaoua da Bouza da Keita, da sarakunansu, da 'yan kasuwar Tamaske da sauran 'yan yankin da ke aiko da kyauta daga Abijan, su ne ke da bakin tambaya. Tambayar farko ba ta buƙatar kuɗi: a cikin mutum 80 da suka shiga fili a gasar da ta gabata, nawa ne suka yi kayensu na farko a waɗannan gundumomi uku, kuma tutar wace jiha suka ɗauka?