SANKARAR NONO BA TA MATA KAƊAI BA CE

A watan Maris na 2021 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin yaƙi da sankarar nono, da nufin rage mace-mace da kashi 2.5 cikin ɗari kowace shekara. Shirin ya ɗoru a kan abubuwa uku: a gano cutar tun tana ƙarama, a kammala bincike cikin kwana 60, majiyyaci kuma ya bi magani har ƙarshe. To, amma gangamin da akan yi kowane Oktoba mata yake fuskanta, alhali kuwa, bisa lissafin Hukumar, rabin kashi ɗaya zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na masu cutar maza ne.

Ƙarancin nan shi ne tarkon. Namiji yakan ji ƙullutu mara zafi a ƙarƙashin kan nononsa, ya ɗauka maruru ne, ko kunya ta hana shi faɗa. Da yake naman nonon namiji kaɗan ne, ba wuya cutar ta kai ga fata da kaluluwar hammata. Lotsawar kan nono, ko gyambo, ko fitar jini, duk alamu ne. Ɗigon jini a riga ne ya kai Mathew Knowles, mahaifin mawaƙiyar Amurka Beyoncé, wurin likita a 2019, aka gano cutar da wuri.

Ta fi kama waɗanda suka haura shekara 60, da masu ƙiba ko ciwon hanta, da waɗanda suka gaji tawayar ƙwayar halitta ta BRCA2. Wannan gadon yana iya bin 'ya'ya maza da mata, don haka gano cutar a jikin uba gargaɗi ne ga zuriyarsa.

Akan ɗauki hoton nono, a tsakuri naman ƙullutun a auna. In ta tabbata, sai tiyata, wani lokaci da gashi da na'ura ko allurai masu ƙarfi. Galibin sankarar maza sinadarin estirojin ke ciyar da ita, shi ya sa akan ba da ƙwayar tamoxifen shekara biyar ko fiye.

Saboda haka ya kamata ma'aikatun lafiya su sa maza cikin shelarsu, a kuma hori ma'aikatan ƙananan asibitoci kada su sallami namiji mai ƙullutu da maganin shafawa, su tura shi babban asibiti. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.