Maganin farfaɗiya da kasalar da ba ta wucewa



Idan mai farfaɗiya ya dace da magani, faɗuwa ta tsaya, sai gida a yi hamdala a rufe zancen. Hamdalar kuwa ta dace, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin ɗari na masu wannan ciwo za su iya rabuwa da faɗuwa in sun samu magani daidai. To amma a kwana a tashi sai ka ga magidanci ya kasa wuni a gonar shinkafarsa, yana jin sanyi ana tsakiyar bazara, jiki na ƙara nauyi, bayan gida ya yi tauri, mantuwa ta yi yawa. Mace kuma al'adarta ta rikice. Wasu su ce lalaci ne, wasu su koma zancen iska.

Wani lokaci matsalar tana gaban wuya, inda wata 'yar halitta take, wadda likitoci ke kira tayirod. Ita ce in ta kumbura muke cewa maƙoƙo, kuma ita ke fitar da sinadarin da ke riƙe kuzari da ɗumin jiki. Magungunan farfaɗiyar da suka fi yawa a hannun mutanenmu, phenobarbitone da phenytoin da carbamazepine, wato Tegretol, suna sa hanta ta riƙa cinye wannan sinadari da sauri. Valproate ma yakan taɓa aikin tayirod. Kuma ba lallai wuya ya kumbura ba, shi ya sa ido ba ya ganewa, sai gwajin jini.

Abin da ke damuna shi ne mai ɗaukar tsohon kwali ya kai kemis shekara da shekaru, likita bai sake ganinsa ba. Birnin Kebbi da nisa ga mutanen Bagudo, kuɗin mota da tsada, na sani. Duk da haka, ranar da aka samu zuwa asibitin Sir Yahaya, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a Sakkwato, a faɗi wannan kasala, a roƙi gwajin tayirod, wato TSH da T4.

Don Allah kada kowa ya ji wannan ya ajiye ƙwayarsa. Yanke maganin farfaɗiya farat ɗaya yana iya jawo faɗuwa a jere wadda ke kisa. Ƙarancin sinadarin yana da nasa maganin, levothyroxine, kuma ana haɗa shi da maganin farfaɗiya. Wanda dama yake shansa ya sanar da likita, don Tegretol kan sa a ƙara masa awo. Mai juna biyu kuwa, kada ta jira wata ya zagayo kafin ta ga likita.