Wa Ya Hana A Yashe Mana Dam?

Duk mai son ganin yadda aka yi watsi da talaka, ya shiga karkarar Kano a watan Afrilu ya tsaya bakin ƙaramar madatsar ruwa. Laka ce zai tarar ta tsattsage, sai ɗan kududdufi kore shar a tsakiya, shanu a ciki har gwiwa, yarinya ta durƙusa a gefe tana ture datti da hannu don ta cika jarka. Wannan ruwan za a sha a gidansu yau. Gobe yaro ya fara fitsarin jini, a ce tsargiya ce, ko amai da gudawa ya ɓarke, jami'ai su zo da motoci suna wa'azin tsafta. Wallahi abin yana ƙona mini rai.

Marigayi Audu Bako, da ya mulki tsohuwar Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, shi ya gina madatsun ruwa na Bagauda da Tiga, kuma turbar da ya ɗora jihar ce ta haifar da irin su Tomas da Watari da Kafin Ciri. Mutanen wancan zamani sun yi nasu. Mu da muka gada, ko riƙo ya gagare mu.

Ai dam ɗin ƙasa ba wani abin al'ajabi ba ne. Yumɓu ne aka jibge aka daddaɓe a bakin kwari, aka bar hanyar da rarar ruwa za ta bi. Kowace damina ruwa na kwaso yashi da laka daga gonaki ya zube a ciki, cikinsa na raguwa, ruwan da a da yake kai mutane har faɗuwar damina ya koma ƙafewa tun kafin bazara ta yi nisa. Bishiya ta tsiro a kan bangon, saiwarta ta huda shi. Gara ta yi shuri, gafiya ta yi rami, kacalla ta toshe mafitar ruwa. Ran da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai ya haura ta sama ya cinye bangon cikin dare. Bagauda ta ɓalle a 1988. Alau ta ɓalle a Satumban 2024, Maiduguri ta kwana cikin ruwa. In manya da ke da injiniyoyi sun kai ga haka, wa ke leƙa na ƙauye?

Dalilin sakacin a fili yake. Yasa ba ta da bikin buɗewa, babu ƙyallen da za a yanka, babu allon da za a manna hoton ɗan majalisa. Shi ya sa aka fi son rijiyar burtsatse: a shafa fenti, a ɗauki hoto, famfo ya lalace, a bar mata da 'yan garuwa.

Mu ma da laifinmu, kuma ba zan rufe ba. Masu haƙar ƙasa a gindin bango don buga tubali, da masu noma har bakin ruwa, gari suke kashewa, dagaci yana gani ya yi shiru.

Amma gayya ba za ta kwashe lakar shekara arba'in da kwando ba, aikin katafila ne, aikin hukuma ne. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. To ciyaman ya fito ya faɗa mana: kuɗin sun zo ne, ko gwamna ya riƙe? In sun zo, a turo katafila tun rani, a yashe dam, a sare bishiyoyin bango, a ware wa dabbobi mashayarsu. In an riƙe, a faɗi sunan wanda ya riƙe.