A bar ƙafar mai rawa ta sauka kafin a yanka

Fiye da shekara ashirin ke nan ana musu a kan rawa da waƙa a fina-finan Hausa. Tun daga nasarar fim ɗin Sangaya a 1999, da kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, tambayoyin ba su sauya ba: ya halatta ko bai halatta ba, namu ne ko na Indiya. Tambayoyi ne masu nauyi, ban raina su ba. Amma ni ɗalibin fim ne da ke koyon editin, kuma zaman da nake yi gaban kwamfuta ya haifar mini da wata tambayar da ban ji ana yi ba: rawar nan da ake ta faɗa a kanta, ana ma ganinta a allo kuwa? A yawancin waƙoƙin da na zauna na bi hoto bayan hoto, amsata ita ce a'a. Ana ganin fuska, ana ganin sutura, ana ganin lambu da mota, amma rawar kanta almakashin edita ya cinye ta.

Duk mai shakka ya gwada da kansa. Ya buɗe waƙar fim a waya, ya kashe sauti, ya riƙa ƙirga sau nawa hoto ke sauyawa. Sai kuma ya nemi wuri ɗaya inda mai rawa ya ɗaga ƙafa aka bar ta ta sauka ƙasa a idon mai kallo. Zai sha nema. Hannu zai tashi, kafin ya kai inda za shi an koma kan fuska. Juyi zai fara, kafin ya cika an koma bakin ruwa da wasu kaya daban. Kamar mutumin da ake katse wa magana ne a tsakiyar kowace jimla, har ka tashi ba ka san abin da ya zo faɗa ba.

A ajinmu, aikin da ya buɗe mini ido shi ne rawar takai. Malaminmu ya ba mu ɗanyen hoton samari suna takai a dandali, da kyamara biyu aka ɗauka, ɗaya daga nesa tana kallon da'irar gaba ɗaya, ɗaya a hannu tana bin 'yan rawar. Ya ce kowa ya fitar da gajeren fim, babu magana, babu rubutu. Wanda ya san takai ya san cewa ranta yana cikin haɗuwar sanduna: ka juya ka buga da na gabanka, ka juya ka buga da na bayanka, duk a kan bugun ganga. Abin da hannun ɗalibi ke so shi ne ya yanka daidai kan bugun, domin manhajar editin tana nuna masa zanen sautin, kowane bugu ya yi tsini, sai dai ya ɗora wuƙa a kai. Premiere Pro, DaVinci Resolve, har CapCut na waya, duk suna ba da wannan sauƙin. Kusan duk ajin haka aka yi. Da aka haska ayyukan a bango, Malam ya tambaye mu abu ɗaya: "A ina sanda ta haɗu da sanda?" Babu ita. Lokacin haɗuwar ne aka yanke, ido yana can yana neman inda zai sauka a sabon hoto, kunne ne kaɗai ya ji ƙarar.

A bidiyon da muke amfani da shi a nan, daƙiƙa ɗaya hotuna 25 ce. Ka matsar da yankan baya da hotuna huɗu ko biyar, lokacin da sandar ke kan hanya, sai idon mai kallo ya bi motsin ya tsallaka zuwa sabon hoton ba tare da ya ji an yanka ba, kuma ya iske bugun yana jiransa. Ko ka jinkirta, ka bar bugun ya auku, jiki ya karɓe shi, kafaɗa ta koma, sannan ka sauya. Tazarar ba ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba, amma ita ce tsakanin rawa mai rai da tarin hotuna. Tun daga lokacin na daina kallon zanen sauti idan ina yanka rawa. Ƙafa nake kallo, da inda nauyin jiki ya karkata.

Wannan matsalar ta girme mu, masu fim na wasu ƙasashe sun yi kokawa da ita tun da daɗewa, kuma sun kasu gida-gida. Fred Astaire, shahararren ɗan rawan fina-finan Amurka na shekarun 1930, ya dage a ɗauke shi daga kai har ƙafa, a bar kyamara ta bi shi, a rage yanka iyakar iyawa, domin mai kallo ya tabbata shi ne ya yi abin da idonsa ya gani. A zamani guda Busby Berkeley ya ɗauki wata hanyar, ya hau da kyamara can sama yana kallon 'yan rawa daga bisa, jikkunansu suka zama zane mai buɗewa da rufewa, abin da mai zaune a zauren wasa ba zai taɓa gani ba. Sai Maya Deren a 1945, da ɗan gajeren fim ɗinta marar sauti, A Study in Choreography for Camera, wanda Talley Beatty ya yi rawa a ciki. Yana ɗaga ƙafa a cikin daji tsakanin itatuwa, ƙafar tana sauka a cikin ɗaki. Wurin ya sauya, motsin bai karye ba. A nan yankan kansa ya zama taku a cikin rawar. Na kalli wannan wurin har ban san adadi ba, domin shi ne ya nuna mini cewa sauya wuri a tsakiyar waƙa, wanda fina-finanmu ke yi kullum, ba laifi ba ne. Laifin shi ne a sauya wurin a jefar da motsin.

Akwai kuma misali a kusa da gida. A 1971 Jean Rouch, Bafaranshen da ya shafe rayuwarsa yana fim a Nijar, ya ɗauki Tourou et Bitti a ƙauyen Simiri da ke Zarmaganda, wajen minti goma a ɗauka ɗaya, kyamara a kafaɗa, yana tafiya a cikin taron makaɗa da masu rawa, babu yanka ko ɗaya. Ko me mutum zai ce game da bikin da aka ɗauka, mai koyon sana'ar nan zai ga cewa wani lokaci aikin edita mafi kyau shi ne ya janye hannunsa.

Me ya sa namu suke yawan yanka? Ba na jin rashin basira ne. Editocinmu da yawa sun koyi aikin ne a shago, a kan tsohuwar kwamfuta, da wuta mai zuwa da ɗaukewa, kuma sun fitar da ayyukan da miliyoyin mutane suka kalla. Matsalar tana farawa tun a lokeshin. An buga waƙa a situdiyo, an zo wurin ɗauka babu wanda ya tsara taku, babu gwaji, rana tana faɗuwa, furodusa yana duba agogo. Darakta ya ce a yi baiti ɗaya nan, a sauya kaya a yi ɗaya can. Jarumin da aka ɗauka don iya magana da kwarjini ba lallai ne ya iya rawa ba. Idan hoton ya iso teburin edita, babu motsi guda da ya cika daga farko zuwa ƙarshe, sai ya yi ta yanka yana rufa asiri. Yawan yankan da muke gani sutura ce aka yi wa rashin shiri.

A nan ne maganar kwaikwayon Indiya ta fi damuna, amma ta wata fuskar. Tun zamanin da sinimomin Kano suke haska irin su Mother India, mutanenmu sun sha kallon rawar Indiya, kuma masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu da Brian Larkin sun yi rubutu mai yawa a kan wannan alaƙa. Mun ɗauko sauya kaya, mun ɗauko zagaye itace, mun ɗauko zuwa bakin ruwa. Abin da muka baro shi ne mai tsara rawa. A can sana'a ce mai zaman kanta, mai suna da daraja. Marigayiya Saroj Khan, wadda ta tsara wa Madhuri Dixit da Sridevi rawa, ta shafe shekaru masu yawa tana wannan aikin kaɗai, kuma gasar Filmfare tana da kyauta ta musamman ga masu tsara rawa, Saroj Khan ce ma ta fara karɓa saboda fim ɗin Tezaab. Mai tsara rawa yana sanin inda kyamara za ta tsaya da inda za a yanka tun kafin a kunna ta. Mu mun ɗauki rigar mun bar mai ɗinkin.

Walter Murch, editan da ya yi aiki a Apocalypse Now kuma ya ci kyautar Oscar da The English Patient, ya jera abubuwa shida da ake dubawa kafin a yanka a littafinsa In the Blink of an Eye. Ya sa abin da mai kallo zai ji a zuciya a farko, sai labari, sai tafiyar kari, sannan inda idon mai kallo yake a kan allo. A fitowar hira ɗalibi zai iya ɓoye rauninsa a kan waɗannan, domin magana tana ɗauke hankalin mai kallo. Rawa ba ta da wurin ɓuya. Shi ya sa nake ganin duk inda ake koyar da fim, Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos ne, ko sassan wasan kwaikwayo na jami'o'inmu a Zariya da Kano, ko shagon da yaro ke zaune kusa da maigidansa, ya kamata a ba ɗalibi rawa ya yanka kafin a ba shi hira. Wanda ya iya jiran ƙafa ta sauka zai iya jiran hawaye ya gangaro, zai iya barin shiru ya yi aikinsa bayan an faɗi magana mai zafi.

Na san za a ce da ni: kai ɗan Musulmi, duk fannonin fim ka rasa wanda za ka zaɓa sai rawa? Wani kawuna ya faɗa mini kusan haka, kuma na saurare shi da ladabi. Abin da na ce masa shi ne: "Kawu, abin da ka ƙi shi ne cuɗanyar maza da mata da shigar banza, kuma ban zo kare su ba. Amma takai da kuka yi kuna samari fa?" Muna da takai, muna da koroso, muna da wasan 'yan hoto masu cilla garma sama su cafe, muna da rawar 'yan tauri, muna da gaɗa ta 'yan mata a dandali. Takai ma har Dagomba na arewacin Gana suna yin tasu. Masu iya waɗannan suna tsufa, dandalin yana komawa shaguna. Abin da ya rage a bidiyo galibi guntaye ne na bikin al'adu, an ɗauka daga nesa a bayan kan manyan baƙi, ko an yayyanka an ɗora wani kiɗan daban a kai. Wanda ya zo bayanmu yana son ya koyi takun koroso daga irin wannan hoton ba zai iya ba, domin ƙafafun ba sa ciki.

Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne yaran TikTok. Waya a jingine, hoto a tsaye, jiki gaba ɗaya daga kai har ƙafa, babu yanka. Ba tare da sun san Astaire ba sun koma kan ƙa'idarsa, kuma shi ya sa takunsu ke yaɗuwa, domin mai kallo yana ganin abin da zai kwaikwaya. Sai dai hoton tsaye na mutum ɗaya ne ko biyu. Da'irar takai ba za ta shiga cikinsa ba, kuma rawarmu ta gargajiya yawancinta ta taro ce, kyanta yana cikin yadda mutum ashirin ke motsi kamar mutum guda. Wannan aikin faffaɗan allo ne, aikin mai fim.

Yanzu da kasuwa ta koma kan fina-finai masu dogon zango a YouTube da tashoshi irin su Arewa24, waƙa ta ragu a cikin labari, ta koma bidiyon mawaƙa mai zaman kansa. Wasu sun ce an huta. Ni gani nake dama ce ta samu, a daina cusa rawa inda labari bai neme ta ba, a yi mata fim nata na kanta, mai tsari, ko da gajere ne, kamar yadda darakta Wim Wenders ya yi dogo sukutum a 2011 a kan ayyukan mai tsara rawa Pina Bausch, aka kai shi sinimomin duniya. Ba sai da kuɗi mai yawa ba. Abin da nake roƙon furodusoshi da daraktoci uku ne, kuma duk ba su fi ƙarfin ƙaramin kasafi ba. A ware yini ɗaya na gwaji kafin ranar ɗauka, a biya wanda ya iya rawar ya tsara ta, sunansa ya fito a jerin ma'aikata. A kafa kyamara ɗaya daga nesa wadda za ta ɗauki rawar gaba ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba a tsaya ba, ko da sauran kyamarori suna bin fuska. Sannan a kira edita ya zo lokeshin ranar, ya tsaya kusa da makaɗa, ya ga inda taku ke farawa da inda yake ƙarewa kafin hoton ya iso teburinsa.